Shekarar da Na Wanke Yaya Hamidu

Na ji labarin da kuke ba jikokina, wai an taɓa gayyatar kakansu Amurka ya ƙi zuwa saboda tsoron jirgin sama. Labarin da daɗi, kuma Nafisa ta iya ba da shi, har da kwaikwayon yadda wai zan rirriƙe kujera ina salati. Ban taɓa tanka muku ba, don duk wanda ya tsufa a gaban allo ya san ajin da ke cikin dariya ba ya jin gyara. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, ga takarda ga biro, bari in gyara muku kwafinku kamar yadda na saba yi wa ƴaƴan mutane. Mutumin da ya bi hanyar Agadas zuwa Arlit a bayan kamyo, babbar motar kaya, bisa buhunan gero, babu wani sabon abu da jirgi zai nuna masa. Abin da ya zaunar da ni a nan Akokan, garin ma'aikatan rami da ke jikin Arlit, daban ne. Ya shafi babanku Hamidu, yayana, da matarsa Inna Zinaru, wadda kuke ta tambayar uwarku me ya sanyaya tsakanina da ita. Duk a shekara guda aka yi, shekarar da aka rufe ramin ma'adinai na ƙarƙashin ƙasa.

Sai na fara da littattafan, don su suka jawo. Kun san Ingilishi na koyar a kwaleji har na yi ritaya, a garin da kowa Faransanci yake nema don ya samu aikin kamfani. Wato dai na ƙare rayuwata ina tallar ragar kamun kifi a Arlit. Cikin ƴan kaɗan da suka saya akwai wata Mariama, ɗiyar wani direba, wadda karatu ya yi ta turawa gaba har ta tsinci kanta a Amurka tana koyar da adabi. Ba ta manta da ni ba. Duk wanda ta samu zai zo gida sai ta ɗora masa littattafai, su kwana Yamai, su kwana Agadas, su iso mini da warin gazuwal da yashi a tsakanin shafuka. Ƙanana ne, sirara, rabin kowane shafi fari fes, har uwarku Rabi ta ce ashe ko a Amurka ana cutar mai saye. Waƙoƙi ne da maƙaloli na marubutan da ke raye yanzu. Mu a lakwal, makarantar boko, waƙoƙin Turawan da suka mutu tun kafin a haifi kakana aka ba mu, masu ƙafiya da ma'auni, a kan furannin da ban taɓa gani ba. Waɗannan kuwa ba ƙafiya, ba amshi, magana ce kawai aka kakkarya ta layi-layi. Da ɗalibina ne ya kawo mini irinsu, da jan biro ya ƙare a kansa. Amma na karanta, na sake karantawa, har na daina lalubar jan biron.

Abin da na fara lura da shi, mawaƙin Amurka na yanzu ba ya wasa kowa. A nan in mawaƙi ya gyara murya, akwai wanda ke gyara zama don za a kambama shi. Can kuwa in ya gyara murya, danginsa ne ke neman wurin ɓuya. Akwai wani da aka rufe masana'antar ƙarfe ta garinsu, ya cika littafi guda da ubansa zaune gaban tele da hannuwa biyu da ya rasa inda zai ajiye su. Akwai wata baƙar fata da ta rubuta yadda take koya wa ɗanta inda zai sa hannunsa in ɗan sanda ya tsai da shi. Wani ya dawo daga yaƙi, shiga kasuwa ta gagare shi. Wani mai maƙala ya ɓata shafuka masu yawa yana kwashe abin da uwarsa ta bari a firigo bayan rasuwarta, kwalba bayan kwalba, kuma ban san lokacin da na cire tabarau ina goge su ba. Wata ta yi ciwon daji aka yanke mata nono, ta bi tabon ɗinkin da waƙa tun daga farkonsa har ƙarshe. Suna yin na kogi da ƙudan zuma da kare ma, ban ce ba sa yi ba, amma ko karen ne sai ka tarar a shafi na gaba ya mutu, kuma an gaya maka yadda aka yi. Ƙarƙashin duk wannan abu ɗaya ne, jiki. Jikin uwa, jikin uba, jikin shi mai rubutun, da abin da aiki da ciwo da hukuma suka yi masa. Da farko na ɗauka rashin kunya ne aka yi wa bango mai kyau. Daga baya na gane, su a wajensu wanda ka yi shiru a kansa ka yashe shi ne, faɗar ita ce zumuncin.

Wata rana na fassara wa uwarku ɗaya, wadda mutum yake ba da labarin yadda yake canza wa ubansa zanen gado a asibiti. Tana tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Uban nasa na da rai ya rubuta wannan?"

"Ya rasu."

"Shi ya sa," ta ce. "Miƙo mini farantin can."

Littafin da ya shigo mana har cikin gida shi ne na wata mata daga ƴan asalin ƙasar, mutanen da Turawa suka tarar a can. Ashe su ma hamada gare su, da tumaki, kuma kakanninta irin dutsenmu suka tono, uraniyom ɗin nan dai da ya tara mu a Arlit daga Maraɗi da Tawa da Damagaram. Ta yi waƙar ƙurar da ke kan rigar kakanta, da kakarta da ke wanke rigar a kwano ɗaya da kayan yara, da tarin da ake ji ta bango. Na rufe littafin na leƙa waje, ga tudun ƙasar da aka fitar daga rami yana tsaye bayan gari inda ya saba.

Ku kun san Yaya Hamidu tsoho mai rawani wanda ba ya son hayaniya. Ni na san shi saurayi, ya baro Damagaram da ƙunshin kaya ya zo ya shiga rami. Da na gama karatun malanta shi ya yi ta shige da fice har aka turo ni nan. Ya ce mutum ɗaya daga gidanmu ya isa a ƙarƙashin ƙasa, ni in zauna sama in riƙe alli. Zinaru kuwa matar wa ce, kun san wasan da ke tsakanin matar wa da ƙanen miji. Tun ranar da aka kawo ta daga Miriya ba ta taɓa kirana da sunan kirki ba, daga Mushe Alli, wato malamin alli, sai mijin ranar yunwa. In na yi sallama gidansu sai ta ɗaga murya ta ce a ɓoye tuwo ga gwamnati ta zo. Ni kuma in ce mata miyarta ta fi jarrabawa wuyar wucewa. A haka muka yi furfura.

Tarin ya kama shi bayan ya ajiye aiki. Aka je asibitin nan, aka je Agadas, aka je Yamai. Lokotoro bai ce rami ne ba, bai kuma ce ba rami ba ne, ni kuwa malamin Ingilishi ne, ba zan rubuta muku abin da ban sani ba. Abin da na sani shi ne yana ta raguwa, kuma yana raguwa yana ƙara sutura. Ya sa aka ɗinka masa jallabiyoyi masu kauri da dogon hannu, a zafin Arlit. Ya kwashe shimfiɗarsa ya koma ɗakin zaure shi kaɗai. Wanka shi yake yi wa kansa, a zaune, ƙofa a kulle, ko da zai cinye masa hantsi duka. Zinaru ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce tun yaushe take cuɗa masa baya da yau za a mai da ita baƙuwa. Ya ce ta ajiye ruwan a bakin ƙofa.

Wata la'asar ina zaune wajensa a inuwar bango, littafin matar nan a hannuna, sai ya ce:

"Kai kullum kai a ƙasa kamar mai neman allura. Me suke cewa ne, Nasaran naka?"

Na ce wannan ba ma Nasara ba ce, na fassara masa ta rigar da kwanon wanki. Da na gama ya tambaya:

"Jikarsa ce ta rubuta?"

"Jikarsa ce, Yaya."

"Aka buga, mutane suka karanta."

"Har ga shi ya iso Akokan."

"To kai me kake jira? Na bar ka a sama da biro tun gashinka na baƙi, ban ga abin da ka tono ba. Ka rubuta nawa, Isufu. Ka rubuta abin da ya same ni."

Zinaru na shigowa da butar shayi, ta ji da kunnenta.

"Wannan?" ta ce. "Sai dai ya rubuta maka 'a ƙara ƙoƙari' a gefe da ja."

Yaya ya yi dariya har tari ya karɓe ta.

Ban ɗauki maganar da wasa ba. Na gaya wa Mariama, ita kuma ta haɗa ni da wata marubuciya ta can, mai waƙoƙi da maƙaloli, wadda ke tara littafi a kan garuruwan ma'adinai na duniya, na kwal, na tagulla, na zinariya, kowane gari ɗan garin ne zai rubuta nasa. Waɗanda aka zaɓi rubutunsu za a gayyace su su je su karanta a gaban jama'a. Daga nan Amurkarku ta fito. Ba zan ce muku ban so ba. Mutum ya tsufa yana koyar da harshen da bai taɓa jin ana ciniki da shi a kasuwa ba, ai zai so ya je ya ji ko abin da ya yi ta faɗa wa yara gaskiya ne. Na fara rubutu, ina kai rabi Yaya ya rasu, wata Laraba bayan azahar.

Da aka shirya ruwa liman ya dube ni, na miƙe. Mahaifinmu, kakanku, shi ke wankan gawa a unguwarmu a Damagaram, kuma da aka san haka a Akokan ni ma akan kira ni. Na tashi ina ganin ana sallama da shi, ya fita, ya dawo, ya wanke hannu ya zauna gaban tuwo. Innarmu takan gwada shi.

"Malam, an ce wane ya kumbura ƙwarai?"

"Miyar nan gishirinta ya yi kaɗan," shi ne amsarsa.

Ya koma ga Allah da asirin rabin unguwa a cikinsa. Bai taɓa zaunar da mu ya yi mana darasi a kai ba, sau ɗaya dai na ji ya ce wa wani mai yawan tambaya, mamaci ba ya iya jan mayafi ya rufe kansa, shi ya sa ake neman wanda zai rufe masa. To, muka shiga ni da liman, shi yana zuba ruwa ni ina wankewa, muka ja ƙofa. Na ga abin da Yaya ya yi watanni yana ɓoyewa ƙarƙashin jallabiya. Iyakar abin da za ku samu daga gare ni ke nan, ku ma.

Na ƙarasa maƙalar Zinaru na cikin takaba. Na sa motar da ke kwasar ma'aikata da asuba, da fitilar da ke goshin hula, da yadda maza ke fitowa daga rami suna ƙifta ido kamar an tashe su. Na sa yadda Yaya yakan tsaya ƙofar gida ya ɗaga kai ya kalli sama kafin ya shiga, kullum, kamar yana duba ko tana nan. Na sa wutar da ke zuwa mana daga kwal ɗin Anu Araren, alhali dutsenmu na haskaka biranen da ba mu san sunansu ba. Na sa jallabiya, na sa ruwan bakin ƙofa. Da na iso ranar Laraba sai na ce muka shiga, muka fito, aka yi salla. Na tura.

Madam, marubuciyar nan, ta kira ni ta waya mai hoto, da la'asar ɗinmu, safiyarsu. Sai da na fita bayan gida inda rezo ke kamawa. Dattijuwa ce mai farin gashi, littattafai har rufi a bayanta, da kyanwa da ke ta ratsawa tsakaninmu.

"Malam Isufu, na yi kuka a wajen ruwan nan na bakin ƙofa," ta ce. "Amma ka jawo ni har bakin ɗakin wankan, ka shige ka bar ni tsaye a waje."

"Madam, kowa ma a waje aka bar shi."

Na yi mata bayanin al'adar. Ta saurara da kyau, har tana rubutawa, ba irin baƙin da ke gyaɗa kai suna duba agogo ba ce. Sannan ta faɗi nata. Ta ce mutanen da za su karanta littafin suna danna maɓalli wuta ta kama, ba su taɓa tambayar daga ina ba. An sha gaya musu lissafi, sun manta kafin su gama shan kofi. Jiki ne kaɗai ba sa mantawa. Ita kanta ta zauna gefen gadon ubanta ta rubuta abin da ta gani, ƴan'uwanta mata suka daɗe ba sa yi mata magana, amma tsofaffin abokan aikinsa suka yi ta neman ta suna godiya, don a karon farko wani ya faɗi abin da ke jikinsu su ma.

"Ba kallo nake nema ba," ta ce. "Shaida nake nema, kuma kai ne ka gani. Ba kai ka rubuta cewa shi ya ce ka rubuta ba?"

Na ce mata ai mawaƙansu ma rabin shafi suke bari fari, a lissafa nawa shirun cikin wannan. Ta yi dariya, ta ce su sai sun gama faɗa suke barin farin. Ta ce in yi tunani, akwai sauran lokaci.

Da Zinaru ta fita takaba na ga ya kamata ta ji abin da aka rubuta a kan mijinta kafin Amurka ta ji. Ta zo gidanmu, uwarku ta shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, na karanta ina mai da shi Hausa. Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya, abin da ban taɓa gani ba. Da na ajiye takardar ta ce:

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Yaya."

"Ka rubuta hularsa. Ka rubuta fitilarsa, ka rubuta motar kamfani. Hular ce ta mutu?"

"Kin san yadda ake yi. Wanda ya yi wanka..."

"A gabana ya ce ka rubuta abin da ya same shi. Ina abin da ya same shi? Shi ya kulle mini ƙofa, lokotoro ya yi mini Faransanci, liman ya ce haƙuri. Kai kaɗai ka rage, kai ma ka ja ƙofar. Ramin ma an ce toshe shi za a yi. To sai a ce ba a yi komai ba a garin nan, mutane ne kawai suka zo suka yi tari suka tafi."

Na ga masu duba malamai iri-iri a aikina, ban taɓa ganin biyu sun yi daidai a kan kuskure ɗaya ba. Ga mata biyu, ɗaya ba ta jin Hausa, ɗaya ba ta jin Ingilishi, teku da hamada a tsakaninsu, sun ɗora yatsa a kan layi guda. Da Zinaru ta tafi na dubi uwarku, tana naɗe tabarma.

"Ni ban san Amurka ba," ta ce. "Amma in ka faɗa, wa zai sake yarda ka shiga ɗaki da nasa mamacin? Kai ma kwanciyar za ka yi wata rana, wani ya tsaya kanka da buta. Wane iri kake so ya zama, mai biro?"

Na ce to ai ta raba gardama.

"Ban raba ba," ta ce. "Zinaru ba ƙarya ta yi ba."

Kun san uwarku, in ta ba ka hanya sai ta haɗa maka da wata, ta koma madafa.

Na yi kwanaki ina fita da hantsi wajen lambunan Abzinawa a gefen gari, in gaisa da masu ban ruwa in wuce. A hanya na tsara sakin layin a kaina, jimla bayan jimla, da Ingilishi. Ya zo mini da sauƙi, kuma na san ya fi duk abin da na taɓa rubutawa kyau. Sauƙin ne ya ba ni tsoro. Ingilishi ba shi da suruki a Akokan, ba ya zuwa gaisuwar mutuwa, babu wanda zai haɗu da shi a masallaci. Sai na gwada faɗar jimla ta farko da Hausa, a fili, kamar Yaya na zaune a inuwar bangon nan yana sauraro. Harshena ya ƙi. Na koma kan littattafan ina neman wanda zai tsaya mini, na tarar duk suna bayan Madam, kuma ba don mugunta ba. Matar da ta bi tabonta da waƙa jikinta ne, ita ta buɗe. Mai zanen gadon asibiti ubansa na kallonsa yana canzawa. Ni kuwa abin da na gani, Yaya bai ga na gani ba.

Amsa biyu ya bar mini a kwafi ɗaya. Ɗaya da baki ya ba da ita, wata la'asar, yana cikin raha. Ɗayar da jallabiya ya ba da ita, kowace safiya ta Allah, cikin zafin da ke narka kwalta, har ga matar da ta haifa masa ƴaƴa. A aji in yaro ya rubuta amsa biyu, wadda ya ja wa layi a ƙasa ake ɗauka. Na ɗauki ta jallabiya. Ba na ce muku tabbas ita yake nufi ba, wanda zan tambaya ya tafi.

Na gaya wa Madam maƙalar a haka za ta tsaya. Ba ta yi fushi ba. Ta ce ta girmama dalilina, amma littafin an gina shi ne a kan jikin ma'aikaci, kowane babi, kuma nawa zai zama ɗakin da ba a shiga. Littafin ya fito, Mariama ta aiko mini, yana nan saman akwati in kuna so. Mai kyau ne. Akwai babin wani garin tagulla da sai da na ajiye shi na fita na sha iska. Arlit ba ta ciki. Wanda ya karanta shi zai rufe bai san akwai mu ba, kuma ni na jawo haka. Asara ce, ba na rage mata nauyi.

Zinaru kuwa ta fara gaishe ni. In mun haɗu sai ta ɗan rusuna, ta ce ina kwana Malam Isufu, ya iyali, ya ƙarfin jiki. In na je gidansu a kawo mini abinci a kwano mai murfi, da ruwan wanke hannu, kamar baƙon da ya zo daga Yamai. Ba wanda ya sake ɓoye tuwo. Na gwada tsokanarta kan miya, ta ce Allah ya huci zuciyar Malam, za a gyara. Na sha zagi a rayuwata, daga shugabanni, daga iyayen yara, daga yaran kansu a bangon bayi, babu wanda ya yi mini zafi kamar ladabin Zinaru. Har yau in na kira ta a waya haka take karɓata.

Ana cikin haka aka rufe ramin. Kun ga wannan da idonku, ba sai na tsawaita ba. Motar asuba ta daina zuwa, amma maza suka ci gaba da farkawa lokacinta, ka gan su tsaye ƙofar gida da hannu a aljihu. Kamyo ya yi ta fita da gadaje da firigo da awaki, wasu suka nufi wajen zinariya, wasu hanyar Assamaka ta kan iyaka, wasu gida. Ɗan'uwanku Sani, babban ɗan Yaya, yana cikin waɗanda aikinsu ya ƙare, sai Zinaru ta ce ba abin da ya rage mata a Akokan sai kabari, kabari kuwa ba ya buƙatar a dafa masa. Za ta koma Miriya wajen danginta.

Muka raka ta tasha da safe ni da uwarku. An ɗaure kaya, ta shiga kar ɗin, babbar motar fasinja, ta samu wuri jikin taga. Uwarku ta je sayo mata ruwa da dabino na hanya. Ina tsaye nesa kaɗan, irin tsayuwar da ladabinta ya koya mini, sai ta yafito ni da hannu.

"Matso."

Na matsa har jikin motar.

"Ba don Nasara ba, ba don takarda ba. Ni kaɗai. Me ka gani?"

Direba na ta danna oda, masu tallar biredi na ture ni. Na san in na yi shiru, shirun za ta ɗauka ta tafi da shi Miriya, ta yi ta cika shi da abin da ya fi wanda na gani muni. Mai wanka an bar masa ƙofa ɗaya, in ya ga alheri yana iya faɗa. Na koma ɗakin nan a zuciyata, na bi shi daga kai ina saukowa, ina wuce abin da zan wuce, har na samu.

"Ƙafafunsa," na ce. "Na wanke mutane a garin nan, ban taɓa ganin tafin ƙafa irin nasa ba. Ba faso, ba kaushi, sumul kamar na jariri. Liman ma sai da ya sake dubawa."



"Man kaɗanya ne," ta ce. "Kowace Juma'a, tun ina amarya, har ranar da ya hana ni shiga."

"Bai goge ba, Yaya."

Ta juya fuska, ta gyara mayafinta, ta sake gyarawa. Uwarku ta iso ta miƙa ruwa da dabino ta taga, direba ya tada mota. Ba tare da ta dube ni ba ta ce:

"To. Riƙe sauran."

Kar ɗin ya fita ta hanyar Agadas. Ina nan riƙe da shi.